Ranar da Na Sallami Jirgi Cikin Hayaƙi

Asabar ɗin da ta wuce ina gidan Yaya Kabiru a unguwar Rusholme ta Manchester, mun ci tuwo mun ƙoshi, sai ɗansa Nasir da ke jami'a ya juyo gare ni da Hausarsa mai harshen Manchester.

"Gwaggo, ki samo mini aikinku mana in yi a hutun nan. Ai ɗaga faifai ne kawai da busa usur, jirgi ya tafi."

Ƙannensa suka yi dariya, ni ma na yi. Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya tashi a Manchester bas ya sani, sai taragon nan da ke bin titi a sarari. An ce tun da daɗewa aka zana hanyar jirgi ta ƙarƙashin garin, amma ba a taɓa haƙa ta ba. To ku 'yan Manchester, da ku 'ya'yanmu na Birmingham da kuke wuce ni da abin jin waƙa a kunne, bari in gaya muku abin da ke bayan faifan nan.

Tashar da nake aiki tana tsakiyar Birmingham, amma mai tafiya a titi ba zai ga jirgi ko ɗaya ba. Kantuna ne a sama da wuraren shan shayi. Sai ka sauka matakala sannan ka tarar da dandamali jere da juna, rufin siminti a kanka, baƙin rami ta nan, baƙin rami ta can. Ta ramukan nan kowane jirgi ke shigowa, ta nan yake fita. Tsofaffin ma'aikata sun ce a zamanin jirgin kwal rufin gilashi ne da ita, mai tsayi da kyan gaske. Yaƙi ya lalata shi aka cire, daga baya aka zuba siminti aka gina kasuwa a kai. Tun daga nan tashar ta koma ƙasa, dokarta ma ta koma ta ƙarƙashin ƙasa: ba a wasa da wuta, ba a wasa da hayaƙi.

Ni malamar firamare ce a Zariya. Maigidana ya zo karatun injiniya, muka kama ɗan gidan haya a unguwar Aston, yara suka shiga makaranta, ni kuma na samu aikin duba tikiti a ƙofar tasha, can sama. A nan wani dattijo ɗan asalin Jamaika, Mista Linton, wanda ya daɗe yana sallamar jirage, ya tsaya yana kallona wata safiya da layi ya cunkushe.

Ya ce, "Rakiya, na ga kina tsayar da mutane ba ki ɗaga murya ba. A ina kika koya?"

Na ce, "A aji, da yara."

Ya ce, "To fasinja ma yaro ne, jaka kawai ya fi shi. Ki nemi aikin ƙasa."

Na nema, na yi jarrabawar ido da ta kunne da ta dokoki, aka tura ni ƙasa a hannunsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai faifan da Nasir ke magana, fari ta gefe ɗaya, baƙi ta ɗayan, da mariƙi kamar na ludayi. Akwai usur. Akwai fitilar hannu mai farin haske da ja. Akwai oba-oba da ke haɗa ka da ɗakin kula da tasha, wanda muke kira kwantirol. Sai riga mai ruwan lemo da ake hangowa daga nesa, da takalmi mai ƙarfe a baki. Ɗankwalina ma sai da na sake masa ɗauri, na daina barin jela, domin iskar da jirgi ke turowa daga rami tana fizgar duk abin da ya yi lilo.

Makonnin farko Mista Linton bai bar ni na taɓa faifai ba. Ya tsayar da ni a gindin matakala ya ce in dinga kallon ƙafafun mutane. Na ɗauka wasa yake. Ya ce fuska tana ƙarya, mutum zai yi maka murmushi alhali ya gama yanke shawarar zai ruga ya cusa hannu a ƙofar da ke rufuwa. Ƙafa ce ba ta iya ɓoye niyya. Haka na tsaya har na iya gane mai shirin gudu tun yana saman matakala, da wanda ya sha ya yi tatil, da tsohuwar da jiri ke ɗiba, da wanda ya tsaya a bakin dandamali ba jirgi yake jira ba. Wannan na ƙarshe ba a yi masa tsawa. Matsowa ake yi a hankali, a tsaya kusa da shi, a tambaye shi ina za shi, a yi ta magana har wani ya zo.

Sallamar kanta hawa biyu ce. Ka fara tabbatar da an ba jirgin hanya, wato sigina ta buɗe. Ka ga mutane sun gama shiga da fita, ka busa usur, ka ɗaga faifai, kwandasta ya rufe ƙofofi. Daga nan ne aikin yake farawa. Dandamalinmu ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa gare shi kamar baka, saboda haka akwai giɓi tsakaninsa da jirgi, kuma wanda ke tsaye a goshi ba ya ganin wutsiya. Sai ka bi kowace ƙofa da ido ka tabbatar ba ta cije wani abu ba, sannan ka ɗaga na biyu. Ko jirgi ya tashi ba ka juya baya, sai jar fitilar tarago na ƙarshe ta shige rami.

Jirgin farko da na hana tashi na Manchester ne, da hantsi. Na ɗaga na farko, ƙofofi suka rufe, fitilunsu duk suka mutu, alamar komai lafiya. Hannuna ya fara tashi na biyu sai na ga ƙafar wata mata a can wajen lanƙwasa tana ja da baya, tana turjiya, alhali jikinta na karkata wajen jirgi. Na sauke hannu na ruga. Ashe ƙaramin karenta ne ya shige ciki aka rufe, igiyar tana naɗe a wuyan hannunta. Igiyar siririya ce, ƙofa ba ta ji ta ba, ita kuma tsoro ya hana ta ko ihu. Da jirgin ya tashi da ita zai tafi. Na ɗaga hannu biyu sama, alamar tsaya, kwandasta ya buɗe. Mista Linton yana bayana yana kallo. Washegari aka sa sunana ni kaɗai a dandamali.

Fasinja kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan ofis na safe da suka fi ka sanin jadawali, su ba sa son magana, amsa kawai suke so. Akwai ɗalibai da akwatunan da suka fi su nauyi. Akwai 'yan ƙwallo, wato masu zuwa kallon wasa, ranar Asabar, masu shigowa da waƙa su fita da waƙa ko da zagi. Akwai masu keken guragu da makafi, waɗanda ake sanar da mu zuwansu, mu shimfiɗa musu allon gangara daga dandamali zuwa ƙofar jirgi, mu kira tasha ta gaba mu faɗi taragon da suke. Na tsinci yara da suka ɓace, na tsinci haƙoran roba, na tsinci rigar amarya a leda. Mutanenmu kuma da suka gano akwai Bahaushiya a ƙasa, sai wayata ta zama ta jama'a. "Anti Rakiya, Mama za ta taho daga Manchester, ba ta jin Turanci, don Allah ki tare ta." Na tari iyayen likitoci da na akantoci ba adadi, wasu da ƙullin daddawa a jaka suna neman ba ni.

Shekarar da ta fi kowacce wuya ita ce ta tsakiyar gyaran tasha. An yanke shawarar a fasa simintin sama a shigo da haske, a sake matakalu, amma ba za a tsayar da jirage ba. Wato ana rushe gida muna ciki muna karɓar baƙi. Aka kafa katakai ko'ina. Hanyar da ka nuna wa mutum jiya, yau bango ce. Ƙarar injin fasa siminti tana shanye usur, ƙura tana zama a haƙori, zafi kuma a ƙasa kamar gidan burodi. Mutanen da suka rasa jirginsu a kanmu suke hucewa. An watsa mini kofi a riga, an ce in koma inda na fito. Abokan aiki da yawa suka nemi canjin tasha. Mista Linton ya kusa ritaya, gwiwarsa ta fara ba shi matsala, sai aka ba ni shugabancin dandamalinmu, shi ya koma yana taya ni.

A cikin wannan shekarar ne, wata Asabar bayan azahar, aka kawo mini Alhaji Mamman. Tsohon ɗan kasuwa ne daga Kano, ya zo aka yi masa aikin gwiwa. Ya kwana biyu wajen ɗansa a Aston, zai koma wajen 'yarsa a Moss Side, can Manchester. Ɗan ya turo shi a keken guragu har ƙasa, ya damƙa mini shi saboda zai shiga aiki, ya tafi. Na ajiye Alhaji a can ƙarshen dandamali inda taragonsa zai tsaya.

Ya dubi rufin ya ce, "'Yata, a nan kike wuni?"

Na ce, "A nan, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah. Mutum da ransa."

Jirgin Manchester bai iso ba, dandamali ya cika maƙil da 'yan ƙwallo. Sai na ji wari kamar na roba a wuta. Kafin in kai hannu ga oba-oba ƙararrawa ta tashi, murya ta fara cewa kowa ya fita daga tasha. Daga baya muka ji wata wayar lantarki ce ta kama a wani ɗakin ajiya bayan katakai. Wutar ba ta da girma, amma a ƙarƙashin ƙasa hayaƙi ne ke kisa.

Matakala biyu gare mu a lokacin. Babbar tana tsakiya, ita ce hayaƙin ya biyo yana saukowa, baƙi, yana bin rufi. Ƙaramar ta wucin gadi tana can goshin dandamali. Mutanen da ke wancan ɓangaren abokan aikina suka kora su ta ƙaramar, suka fara hawa. Amma mu da muke ɓangaren wutsiya hayaƙin ya raba mu da ita. Lifta kuma, mai hawa da sauka da mutane, doka ce tana tsayawa da zarar ƙararrawa ta tashi. A wajena akwai Alhaji a keke, da wata mata mai tagwaye a keken jarirai, da wasu tsofaffi mata da miji, ga tarin 'yan ƙwallo da suka daina waƙa suka fara turereniya. Ƙafafunsu na kalla. Sun fara juyawa wajen bakin dandamali. Saura kaɗan wani ya dira kan dogo ya nufi rami, in ɗaya ya dira sauran za su bi, a cikin ramin kuwa akwai jiragen da ke motsi.

Na hau kan benci na busa usur da duk ƙarfina, na yi musu muryar aji. Na ce babu mai motsi, kowa ya matsa jikin bango ya durƙusa, ni zan fitar da su. Suka tsaya, ko don sun ga mace mai ɗankwali a kan benci ne, ban sani ba.

A gefenmu akwai wani jirgin lantarki da ya sauke mutane yana jiran lokacinsa, babu kowa ciki sai direba da kwandasta. Na kira kwantirol.

"Ina da mutane da yawa a wutsiya, hanyar matakala ta toshe, akwai masu keke. Ina neman izinin fitar da su a jirgin da ke tsaye."

Mutumin kwantirol bai ɓata lokaci ba. Ya ce in dakata, ya yi magana da masu sigina, ya dawo. "Za a ba ki hanya ta ramin da ke bayanki, iskarsa tana da kyau. Ki loda. Amma ba zai tashi ba sai an sallame shi yadda doka ta ce. Kina ganin jirgin duka?"

Na ce, "Ba na gani. Zan bi shi da hannu."

Ya ce, "Na ji. Allah ya taimaka."

Kwandastar, wata mata 'yar garin, ta buɗe ƙofofi. Na jawo allon gangara na shimfiɗa. Wani ƙaton ɗan ƙwallo, wanda ɗazu yake ta ihu da gwangwani a hannu, ya ajiye gwangwanin ya kama keken Alhaji ya tura shi ciki kamar ya saba. Abokansa suka ɗauki keken tagwayen sama guda. Na sa tsofaffi suka fara shiga, sannan sauran, ƙofa-ƙofa, ina faɗa musu su kula da giɓi. Alhaji ya kamo hannun rigata.

"Ke fa?"

Na ce, "Sai na sallame ku, Baba. Wani ne zai tsaya a waje ya ce jirgi ya tafi."

Ya buɗe baki zai yi magana, na zare hannuna na ɗauke allon.

Zuwa lokacin hayaƙi ya sauko har kafaɗa a wajen lanƙwasa. Kwandasta ba za ta ga faifai ba ko da na ɗaga shi a gabanta da ɗan nisa. Mista Linton ya ɗingiso ya tsaya daidai lanƙwasar, ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa mai ciwo, ƙasa da hayaƙin, ya kunna fitilarsa. Ya ce, "Ki je. Abin da kika nuna mini shi zan nuna mata."

Na duba sigina, ta buɗe. Na nuna wa Mista Linton farin haske, ya miƙa wa kwandasta, ƙofofi suka rufe. Sai na ja gefen ɗankwali na rufe hanci, na sunkuya na bi jirgin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tafin hannuna a jikinsa. Kowace ƙofa na shafa bakin robarta daga sama har ƙasa, na haska giɓin da ke ƙarƙashinta. Ido na ruwa, ƙirji na zafi, mutane na buga gilashi daga ciki suna cewa a tafi. A ƙofa ta kusa da ƙarshe hannuna ya ci karo da tsumma. Mayafin wuya ne na wani ɗan ƙwallo, rabinsa a waje. Na ja, ya zo duka, babu wuyan kowa a cikinsa. Na jefar, na ƙarasa, na juyo na ɗaga farin haske na biyu. Na ga ɗigon fitilar Mista Linton ya ɗaga. Jirgin ya yi ajiyar zuciya ya motsa.

Na tsaya har jar fitilarsa ta shige rami. Sannan na koma na ɗago Mista Linton, ya dafa kafaɗata, muka bi jikin bango a sunkuye muka ratsa hayaƙin har ƙaramar matakala. A tsakiyarta muka haɗu da 'yan kwana-kwana suna saukowa.

A waje rana tana nan, motoci na wucewa, mutane na cin abinci a bakin titi. Aka ƙirga ma'aikata, kowa ya fito. Aka sa mana abin shaƙar iska muna zaune a bayan motar asibiti. Ina nan zaune sai shugaban tasha ya zo da waya a hannu.

"Rakiya, daga tasha ta gaba ne. Kowa ya sauka lafiya, har jariran. Amma akwai wani dattijo da ya riƙe ƙarfen tarago ya hana a sauke shi. Ba sa jin abin da yake faɗa, sunanki kawai suke ganewa."

Na karɓa na cire abin hancin. "Baba, ni ce."

Ya ce, "Kin fito?"

"Na fito, Baba. Ga ni a waje."

"Da baƙin dattijon nan mai fitila?"

"Ga shi kusa da ni, yana shan ruwa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To gaya musu su sauke ni."

Babu wanda ya rasa ransa a ranar, babu wanda ya kwana a asibiti. 'Yan kwana-kwana suka kashe wutar, manyan fankoki suka zuƙe hayaƙin, kafin magariba aka buɗe tasha. Likitan motar ya ce in tafi gida. Na ce ina da fasinja da ban gama da shi ba. Na wanke fuska, na sake riga, na sauka.

Aka dawo da Alhaji a wani jirgi, na tare shi da allon gangara, na tura shi zuwa inda na Manchester zai tsaya. Dandamali yana warin ƙauri, ƙasa jiƙe. Na kira 'yarsa na faɗa mata taragon da yake. Da jirgin ya iso na shigar da shi, na taka birkin keken, na gyara masa bargo a gwiwa. Ya daɗe yana kallona.

"Gobe ma nan za ki dawo?"

"Nan zan dawo, Baba. Ni ce da safe."

Ya gyaɗa kai. "A garinmu da mace ta yi abin da kika yi yau, da har jikokinta sai an dinga nuna su a hanya. Waye mahaifinki?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Zan koma gida bayan salla. Zan je Zariya da ƙafata, da wannan sabuwar gwiwar, in gaya masa."

Ya kuwa je. Mahaifina, wanda tun da na bar koyarwa yake ce wa mutane 'yarsa tana aikin ofis a Ingila, shi ya kira ni da kansa. Bayan mun gaisa ya yi gyaran murya ya ce, "Rakiya, wai ke ce mai ba jirgi izinin tashi?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To ki yi mini bayani tun daga farko. Ga mutane nan a zaure suna son ji."